Goshin Mai Sakso

Na yi shekaru ina kaɗa gitar bas a wata ƴar ƙungiyar jaz ta mutum huɗu a Tasawa, kuma tun da yanzu furfura ta kama gemu, ba abin da zai hana ni faɗin gaskiya: ba don yatsuna aka riƙe ni ba, don sanƙona aka riƙe ni. Akwai samari biyu a garin da suka fi ni iya bas nesa ba kusa ba, amma duk gashi ya cika musu kai. Ni kuwa tun ina ɗan shekara talatin Allah ya share mini fili daga gira har ƙeya, ga shi ko cikin sanyi sai na yi zufa. Abokaina sun san haka, ni ma na sani, ba dai wanda ya taɓa furtawa.

Aikina na safe koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa kowa ke ce mini Mushe, yadda ake ce wa malamin boko a wajenmu. Mai batari, wato gangunan nan da ake duka da sanda biyu, ɗan kabu-kabu ne, kuma yadda yake tuƙi haka yake kiɗa, bai san inda birki yake ba. Mai piyano manomi ne daga wajen Korgom, Kirista, shi ke kaɗa wa ƴar majami'arsu ran Lahadi, mutum mai sanyin hali wanda ko tsawa aka yi masa sai ya ce an gode. Sai mai sakso, wanda don shi ake zuwa kallonmu. Bafulatani ne dogo siriri, daga wata ruga kusa da Gidan Amumune. Yana saurayi ya raka shanun kawunsa kudu har Ikko. Kawun ya dawo, shi bai dawo ba sai bayan shekara bakwai, da ƙahon ƙarfe mai lanƙwasa cikin baƙin akwati. In ya kafa bakinsa a abin nan ya rufe ido, wallahi sai ka manta kana da bas a hannu.

Jaz ba ta shiga kunnen mutanenmu da sauƙi ba. Kiɗa ne da ba waƙa, ba amshi, ba kiran sunan kowa. A ɗauko zare ɗaya tare, sannan a sakar wa kowa fili ya yi yawonsa ya dawo. Wasanmu na farko a gidan matasa na Tasawa, mun yi kusan rabin awa muna zuba iyakar abin da muka iya, sai wani dattijo a layin gaba ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Mushe, in kun ƙare gyaran kayan, ku hwara muna, dare na yi." Na so in sauka in yi masa bayani da hannu, mai piyano ya riƙe mini riga. Amma a hankali aka saba da mu. Ƴan makaranta suka fara zuwa, ma'aikata suka biyo, aka riƙa kiran mu Mayahi, sau biyu har Maraɗi. Kullum muna cewa baɗi sai Yamai, kuma har muka watse ba mu je ba.

Da aka fara son mu, sai aka fara liƙi, kuma nan ne wahalarmu ta soma. Mutum in kiɗa ya ratsa shi, ba ya iya zama. Sai ya taso gaban jama'a ya ciro takardar kuɗi ya manna wa makaɗi a goshi, zufa ta riƙe ta. Da haka makaɗan ƙasar nan ke ci, da haka kuma mai kallo ke cewa ya ji daɗi. Mu uku ba mu da matsala da wannan. Mai sakso ne ba a isa a manna masa ko dala ba.

Ina wurin ranar da aka kafa masa dokar. Na raka shi ruga ya gai da mahaifiyarsa. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon sa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Muka durƙusa muka gaishe ta, ta amsa mini ni kaɗai. Tana zaune ta ba shi baya tana wanke ƙwaryar da take dama masa fura da nono duk ran da ya zo. Sai ta ɗaga ƙwaryar ta yi mata magana, kuma da Hausa ta yi, ba da Fulatanci ba, don ni ma in ji in zama shaida.

"Ke ƙwaryag ga, ki saurara. Busa ba laihi ba ce, makiyayi ma na busa sarewa. Amma gidanmu ba a taɓa manna ma wani kuɗɗi ga goshi ba, tun kakanni. Ran da anka manna ma wani, to shi nemi wata ƙwarya, ba ke ba."

Mai sakso ya dubi takalminsa ya ce masa, "To."

A hanyar dawowa na buɗe masa wuta. Na ce wannan wane irin fulako ne? Roƙo sana'a ce, makaɗa mutane ne masu daraja, kuma mu ko sunan kowa ba ma kira. Na ce shekararsa arba'in, da mata da ƴaƴa, a ce ƙwarya ce za ta hana shi cin abinci? Ya bar ni na yi ta zuba har muka wuce gonaki biyu. Sannan ya ce, "Mushe, kakata ta yaye ni, ita ta riƙe ni. Ban san hannun Inna ga jikina ba. Ƙwaryan nan kaɗai ka hitowa daga hannunta ta zo nawa." Na ji kunyar bakina ranar.

Daga nan muka shiga neman dabara. Da farko muka ajiye tire a gaba, muka ce duk mai alheri ya zuba nan. Ba wanda ya kula shi. Wani ma ya ce shi ba sadaka ya zo yi ba, in sadaka ce ya san hanyar masallaci. Sai muka sa wa mai sakso malfa, ya ja ta har gira. Wani ya zo ya ɗage malfar da hannun hagu, da ƙyar mai sakso ya sha. Matar mai piyano ta ba da shawarar a shafa masa hoda ta tsotse zufar. Muka zazzage masa rabin gwangwani a Mayahi. Kafin a kai tsakiyar wasa farin ruwa na gangarowa ta gefen hancinsa, yara na gaba suka fashe da kuka, aka fitar da su.

Mai batari ne ya gano maganin, kuma ban yafe masa yadda ya faɗa ba. Ya daɗe yana kallon kaina a wajen repetisiyon, wato gwajin kiɗa, sannan ya ce, "Jama'a, muna da hili haka muna wahala?" Ga yadda aka tsara. Mai sakso yana busa ido rufe, ba ya ganin mai tasowa. Saboda haka da an ga wani ya miƙe yana laluben aljihu, sai mai batari ya doki farantin ƙarfe sau uku. Mai sakso ya ja da baya taku biyu, ni kuma in shigo gaba da bas ɗina, in sunkuyar da kai ina murmushi. Mutum ya riga ya taso, idon jama'a na kansa, hannunsa na sama, ba yadda zai koma da kuɗinsa. Sai ya manna mini. An saya mini waya doguwa ta musamman daga bas zuwa bahul, wato akwatin lasifika, don in iya zagaya dandali duka. Na sha liƙi a rayuwata fiye da mawaƙan da suka fi ni suna, kuma ban taɓa ruɗin kaina cewa kiɗana ne ya jawo ba.

Kowa ya haƙura da wannan tsari ban da mutum ɗaya, wani Alhaji dillalin shanu a Mayahi. Ƙato ne mai fara'a, mai son jama'a, kuma tsakani da Allah yake son busar mai sakso. In ana busa har hawaye yake yi. Sau uku yana tasowa, sau uku yana ƙarewa a kaina. Na ukun bai saki takardar da wuri ba, ya danna ta da babban yatsa ya sunkuyo ya ce mini a kunne, "Mushe, ni ba kai nika zo ma ba. Kiɗanka ko akuya ba ya tadawa." Daga baya muka ji ya yi rantsuwa a kasuwar shanu, gaban mutane, cewa sai ya ga kuɗinsa zaune a goshin yaron nan. Mun aika an yi masa bayani. Ya ce shi bai ga yadda alheri zai raba ɗa da uwa ba, zancen tsofaffi ne kawai.

Ana haka sai samarin Gidan Amumune suka gayyace mu wasa ranar kasuwarsu, bayan la'asar, a filin lakwal. Tsakiyar bazara ne, irin zafin da ko kaza ke buɗe baki. Mai sakso bai so zuwa ba, don garin ya yi kusa da gida da yawa. Ni na matsa masa. Na ce ga ni, ga kaina, me zai faru?

Muka ɗaure kaya a babura muka kama hanyar yashi. Da muka isa aka tada gurup, injin ba da wuta, a bayan aji, aka jera bahul ƙarƙashin wata bishiyar bedi, na buɗe jakata ban ga doguwar wayata ba. Na tambaya. Mai batari ya sosa ƙeya ya ce igiyarsa ce ta tsinke a hanya, sai ya ɗaure gangunansa da ita. Ya miƙo mini ita gida biyu, cikinta a waje. Abin da na faɗa masa ba zai rubutu ba, kuma rabi da Faransanci na faɗa don yaran lakwal na kusa. Da ƙyar aka samo mini wata ƴar waya wajen mai gyaran rediyo, wadda ba ta wuce taku biyu ba. Na tsaya jikin bahul kamar akuya a turke.

Fili ya cika. Ƴan kasuwa sun baro rumfuna, ƴan kabu-kabu sun jera babura sun hau kai, masu amalanke sun tsaya daga baya. Ina ɗaga ido na hango Alhaji a kujerar gaba, cikin babbar riga, yana kallon ƴar wayata yana murmushi. Sannan na hango abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. Can gefe, cikin mata masu tallan nono, ga mahaifiyar mai sakso tsaye da ƙwarya a ka. Ba ta taɓa zuwa wasanmu ba. Ta juya mana kafaɗa tana kallon wani jaki da aka ɗaure, kamar shi ta zo gani. Na rasa ko in gaya masa ko in bari. Ban gaya masa ba, don na san in ya sani ko iska ba za ta fito daga bakinsa ba.

Muka fara. Ranar ya yi busa irin wadda ban taɓa ji ba. Ya ɗauko wata ƴar murya ta makiyaya, irin wadda ake yi da sarewa in shanu sun kama hanyar gida, ya shimfiɗa ta a hankali, ya lanƙwasa ta, ya kai ta wani wuri mai nisa ya dawo da ita. Filin ya yi tsit. Zufa kuwa ta wanke masa fuska, goshin nan na ƙyalli, ko tubali aka manna zai zauna.

Alhaji ya miƙe.

Mai batari ya doki faranti sau uku. Mai sakso ya ja baya taku biyu kamar yadda aka saba. Na yunƙura zan shiga gaba, waya ta fizgo ni. Na miƙa wuya iyakar miƙawa, na sunkuyar da sanƙo, na yi murmushin da ya fi kowane faɗi. Alhaji ya zagaye ni ya wuce, har da ce mini sannu da aiki. Mai batari ya sake dukan faranti, ya sake, ya sake. Mai sakso ya buɗe ido ɗaya ya ga abin da ke tafe, sai ya ci gaba da ja da baya, kuma bai daina busa ba, don a wajensa yanke busa a tsakiya daidai yake da barin salla a raka'a ta biyu. Ya zagaya bedi da baya da baya, Alhaji na biye da sabuwar takarda a sama. Suka zagaya sau biyu. Jama'a suka ɗauka rawa ce ta jaz, suka kama tafi. Mai batari, da tsoro ya kama shi, ya ƙara wuta. Mai piyano yana kaɗawa yana addu'a a fili. Ni kuwa na ce a mutu ko a yi rai, na yi tsalle, waya ta fita daga bahul, bahul ya yi wata ƙara da ta sa jakin nan ya tsinke igiya.

Ban kai ba. Mai sakso ya ja baya har bayansa ya daki bangon aji, ba sauran wurin zuwa. Ya runtse ido gam, yana busa wata doguwar murya siririya. Alhaji ya tsaya gabansa yana haki, ya ɗaga hannu. Gabana ya faɗi, don ni na kawo shi garin, kuma na san abin da zai rasa a gaban idon mai ƙwaryar.

Ban ga lokacin da ta ratso taron ba. Na dai ga mutane na darewa. Ƴar tsohuwa ce ƙarama, ko kafaɗar ɗanta ba ta kai ba. Ta sauke ƙwaryar a ƙasa a hankali, ta shiga tsakaninsa da Alhaji, ta yi ɗage, ta kama bakin mayafinta ta goge masa goshi. Ba shafa ta yi ba, gogewa ta yi sosai, daga wannan gefe zuwa wancan, yadda take goge ƙwarya. Hannun Alhaji ya riga ya taho, bai iya tsayar da shi ba. Takardar ta taɓa busasshen goshi, ta zame, ta yi lilo ta sauka a yashi.

Ta dubi ƙwaryar da ke ƙasa ta ce mata, "Ba ta liƙu ba."

Alhaji ya duƙa ya ɗauka. Ya jira zufa ta sake tsatsowa, don a zafin nan ba a jira da yawa. Yana ɗaga hannu ta sake gogewa. Ya koma ta hagu, mayafi ya riga shi. Ya ce, "Haba Inna, ki bari mana in hita kunyar rantsuwa." Ta ce, "Alhaji, in alheri kaka so, ga mai sanƙo can, tun ɗazu shina miƙo ma kai." Filin ya kwashe da dariya. Alhaji ya tsaya ya dube ta, ya dubi dogon mutumin da ke bayanta, kuma ina jin a lokacin ne ya gane abin da aka yi ta aika masa bai gane ba. Shi ma ya yi dariya har rigarsa na rawa. Ya tako wurina ya manna mini takardar da tafin hannu duka, sai da na ga taurari da rana. Ya ce zai yi kaffara, ya koma kujerarsa.

Duk wannan abin mai sakso bai buɗe ido ba. Ya ɗauka ni ne na iso da wani tsumma. Sai da ya ji muryarta kusa da ƙirjinsa sannan ya buɗe. Ya ga mayafin, ya ga hannun da ke riƙe da shi. A duk shekarun da muka yi tare ban taɓa jin ya yi kuskure ba sai ranar. Muryar saksonsa ta karye, ta yi wani kuka marar daɗi, ta ɗauke. Ya sake gwadawa, ta sake karyewa. Na lalubi wayata na mayar da ita, mai piyano ya shigo ya rufa masa asiri, mai batari ya sassauta hannu, abin da ban taɓa zaton ya iya ba. Jama'a ba su lura ba, sun ɗauka wannan ma cikin jaz yake, wasu har da tafi.

Ita kuwa ba ta koma wajen masu nono ba. Ta tsaya nan gefensa da bakin mayafi a hannu, fuskarta na kallon bango, kamar an ɗauke ta aikin gadi. Da ya samu numfashinsa ya dawo, ya kama ƴar muryar nan ta makiyaya daga inda ta yanke. Ruwa na gangaro masa a kumatu, kuma duk wanda ke kusa ya san ba daga goshi yake fitowa ba. Ta yi ɗage ta goge masa wannan ma, ido ɗaya, sannan ɗayan. Ba ta dube shi ba. Ni ta juyo ta duba, ina tsaye da takardar Alhaji a ka, ta ce, "Mushe, garin ga akwai zahi. Zuhwa har cikin ido."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Ta ci gaba da gogewa, shi kuma ya ci gaba da busa.